Sallama Arba'in da Bakwai

"Umma, wai da gaske ke kika koya wa Baba Mani yadda ake kashe na'urar kan dutse?"

Jannat ta yi tambayar da bakinta cike da kunu, a gaban baƙuwa. Zakiyya ta ajiye ludayin da ke hannunta. Baƙuwar, Lami matar Mani, tana zaune a bakin tabarma tun fitowar rana, ko taɓa kunun da aka zuba mata ba ta yi ba. Yarinyar 'yar shekara biyar ce, a bakin famfo ta jiyo maganar, inda manya ke sakin baki suna zaton yara tulu kawai suke kallo.

"Ni na koya masa," in ji Zakiyya. "Shanye kununki."

Gaskiya ce, kuma ita ce gaskiyar da ke neman ran mutum.

Jiya Alhamis, ranar kasuwar Batsari, bayan maza sun watse zuwa kasuwa, 'yan bindiga suka shiga Tungar Gamji, wani ɗan ƙauye a bayan Yasore, suka kora shanun huɗa ashirin da uku. Tsakiyar damina ce, a shekarar da taki ya fi ƙarfin talaka, fetur ya sa babur ya zama abin hawan dole kawai. Wanda ya rasa san huɗa a irin wannan lokaci, gonarsa ya rasa.

Ƙauyen kuwa yana da ƙararrawa, kuma Zakiyya ce ta haɗa ta bayan ta dawo daga karatun kwamfuta a Katsina. Akwai maɓalli a ɗakin shan magani. In an danna, saƙo zai hau eriyar da ke kan dutsen ƙauyen, ya sauka a wata kwamfuta a ofishin kwamitin tsaro na sa-kai a Batsari, lasifika ta yi kuka, masu babura su fito. Jiya an danna, lasifika ba ta ce uffan ba. Da yamma, bayan an ɗauke ruwa, samari suka hau dutse suka tarar da wayar batir a zare. Mutum ɗaya ne ke da makullin akwatin batir ɗin: Mani, wanda ke goge sola, wanda ke kawo wa Jannat ɗinya duk ranar kasuwa. Jiya kuma bai je kasuwa ba.

Kafin magariba sunansa ya koma infoma. Lami ta ce Mai Gari ya kulle shi a ɗakin ajiyar hatsi don kada a taɓa shi, amma Daudu, mahaucin da ke shugabantar 'yan sa-kai, ya ce gobe Asabar bayan la'asar za su ɗauke shi su yi masa tambayoyi a daji. Ba ta faɗi abin da wannan ke nufi ba. Babu wanda aka taɓa yi wa tambayoyi a daji ya dawo ya ba da labarin amsar da ya bayar.

Zakiyya ta goge wa Jannat baki, ta kai ta ɗakin kakanta, Malam Ɗanjuma. A zamaninsa, daga Safana har bakin dajin Rugu, in an saci dabba shi ake kira ya bi sawu. Yanzu ido ya yi rauni, sai kunne da baki. Ya tarbi jikarsa da cewa ga matarsa uwar ƙyuya ta zo, wadda ba ta taɓa dafa masa ko ruwan zafi ba. Jannat ta ce ai shi ma bai taɓa saya mata ko ɗan kunne ba. Sannan ya juyo wajen da ya ji numfashin 'yarsa.

"Saƙon nan naki, yana barin sawu?"

"Yana bari, Baba. In ba a share ba."

"To je ki tun ba a tattake ba."

* * *

Ramatu, ma'aikaciyar ɗakin shan magani, ita ce ta danna maɓallin. Ta ce da ta ji ƙarar babura ta tura mata masu awo ƙarƙashin benci, ta rarrafa ta yi ta dannawa, ba ta san sau nawa ba, yatsanta har yanzu ciwo yake. Fitilar akwatin maɓallin ja ta nuna. Kore shi ne an ji, ja shi ne ba a ji ba, haka aka koya musu. Ta ce ita ba ta ce Mani ne ba, amma dai ja ta gani, kuma waya a zare aka gani.

Zakiyya ta jona kwamfutarta a akwatin ta buɗe tarihin da manhajar ke rubutawa. Akwatin yakan aika sallamar gwaji kowace awa, don a san hanya na nan. Ƙarfe tara na Alhamis, an amsa. Ƙarfe goma, an amsa. Sha ɗaya, ba a amsa ba. Sha ɗaya da minti arba'in ga dannawar Ramatu, sau arba'in da ɗaya cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Amma ba shiru ne ya biyo baya ba. A gefen wasu layukan akwai ɗan rubutu, kuma shi ya sa ta gyara zama.

Ramatu ta leƙo ta tambayi abin da ya sa fuskarta ta sauya. Zakiyya ta yi mata bayani yadda take yi wa kowa, da misalin gidan haya. Kowace kwamfuta gida ce. Manhajoji su ne 'yan haya, kowa da lambar ƙofarsa. A zaure kuma akwai mai gida da ba ya fita ko'ina, masu sana'ar suna ce masa kanel. Duk wasiƙar da za ta shiga ko ta fita, ta hannunsa take bi. In wasiƙa ta zo wa ƙofar da babu kowa, ba ya jefar da ita ya yi shiru. Yakan rubuta 'yar takardar koke, ya yago kan wasiƙar ya manna a jiki, ya mayar wa wanda ya aiko. Waɗannan 'yan takardu su ake kira ICMP. In ta iso wancan gidan, mai zauren can zai duba ko ta lalace a hanya, ya duba irin koken, ya karanta yagaggen kan wasiƙar don ya gane wane ɗan haya ne ya aika, sannan ya ƙwanƙwasa masa ya ba shi labari. Shi koke ba a mayar masa da koke, in ba haka ba gidaje biyu sai su wuni suna jifan juna da takarda.

"To mi takardar ta ce?" in ji Ramatu.

"Ta ce wasiƙa ta iso, amma ƙofar a rufe take."

"Wa ya ce?"

Zakiyya ta ɗora yatsa a kan adireshin. Na kwamfutar ofishin Batsari ne.

Haka layukan suka ci gaba, sha biyu, ɗaya, biyu, uku, huɗu: ƙofa a rufe, daga Batsari. Sai ƙarfe biyar rubutun ya sauya. Koken ya zama wani iri, babu hanyar zuwa, kuma mai aiko shi rawutar nan ce, na'urar tura saƙo da ke rataye a bangon ɗakin, wadda ta kira eriyar dutse ba ta ji amsa ba. Matsala biyu ce daban, amma fitilar akwatin ja take nunawa a duka biyun. Zakiyya ta daɗe tana kallon fitilar. Ita ta zaɓi kala biyu kawai, don sauƙi, don kada ta rikita mutane.

Abu ɗaya ya hana ta murna. Dannawa arba'in da ɗaya, amma koke goma sha bakwai ne kawai suka dawo.

* * *

Mai Gari ya bar ta ta yi magana da Mani ta tagar ɗakin hatsi. Bayan doguwar gaisuwa, wadda Mani bai rage ko ɗaya ba har da tambayar ya Jannat da Malam Najib, mijin Zakiyya da ke koyarwa can garin Zakka, ta tambaye shi abin da ya hana shi kasuwa. Ya ce kuɗin babur ya ninka, ƙafarsa kuma ta kumbura, ya ga ba shi da abin sayarwa da zai biya tafiyar. Ta tambaye shi wayar batir.

"Ni na zare ta, Hajiya. Bayan la'asar, da hadari ya haɗo. Ke kika ce in na ga walƙiya in zare, in ta wuce in maida."

Ta ce amma a ranar da aka kori shanu, bai yi tunanin yadda za a ɗauka ba?

"Shanu sun tahi. In tsawa ta ƙone abin nan kuma, mi ya rage muna?" Ya nuna kumburarriyar ƙafarsa. "Na hau da ƙahwar nan. Ina saukowa in jira ruwa ya ɗauke, yara suka riga ni komawa."

Ya ce ya faɗa musu haka, suka ce ai dole ya ce haka. Bai roƙe ta komai ba. Ya dai ce in ta koma ta gaya wa Jannat ɗinya ta fara nuna.

Da yamma, a tsakar gida, ta zayyana wa mahaifinta komai, tana tsefe wa Jannat kai. Tsohon ya ce a fahimtarsa, saniyar da ta je bakin rafi ta juyo daban, wadda ba ta bar turke ba daban, kuma nata saƙon ya je ya juyo, saboda haka a Batsari ɓarnar take. Ya tambayi su wa ke zama ofishin. Ta ce Malam Tayyib sakatare, sai Daudu da ke shiga da fita. Ta ƙara da cewa Daudu mahauci ne, shanun sata araha suke, kuma shi ne ke gaggawar a gama da Mani.

"Tayyib kuma?"

"Baba, Malam Tayyib ne ya koya mini lissafi a aji huɗu."

"Ban tambaye ki abin da ya koya miki ba." Ya ce ya taɓa bin sawun raƙumi kwana biyu, sawun ya nufi ƙofar amininsa, sai ya tsinci kansa yana duba ƙasa a can gefe, yana neman wani sawun da zai kai shi wani gidan. Rabin wuni ya ɓata a haka, raƙumin kuma yana ɗaure a bayan dangar aminin.

Zakiyya ta ja gashin Jannat fiye da yadda ta yi niyya, yarinyar ta yi ƙara, ta ba ta haƙuri.

* * *

Ranar Asabar da safe Malam Tayyib ya tarbe ta da fara'arsa ta kullum, yana kiranta Injiniya. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa, amma wa bai rame ba a bana? Ya ce ranar Alhamis tun safe yana zaune a kujerar nan har la'asar, manhaja a buɗe, ko ƙis bai ji ba. Tarihin manhajar ƙararrawa daga ƙarfe goma na ranar fari fat yake, ya ce ai dole, tunda babu abin da ya iso. Ta nuna masa takardar da ta kwafo daga ƙauye. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, kamar mai duba jarrabawa.

"Arba'in da ɗaya suka tafi, sha bakwai suka dawo," in ji shi. "Kin ga ke nan hanya tana yankewa. Wani yana kan dutse yana wasa da waya, ya sa ya cire. Ni ban san boko irin naku ba, amma na san ragi."

Ya kuma tuna mata, kamar abin da ya faɗo masa yanzu, cewa Daudu ya shigo da safen ya sa cajin waya.

Da ya fita amsa sallamar wani a ƙofa, Zakiyya ta jawo allon rubutu. Akwai abin da ba ta taɓa nuna wa kowa a ofishin ba, don ba ta ga amfaninsa gare su ba. Kanel ba ya rubuta labari, amma yana ƙidaya: wasiƙa nawa ta shigo, nawa ta tarar da ƙofa a rufe, koke nawa ya mayar. Ƙidayar ba ta cikin tarihin manhaja, kuma ba ta gogewa sai an kashe kwamfutar an kunna. Ita kuwa ta kafa musu doka tun farko kada a kashe, don sai da lambar sirrinta take tashi. Kwamfutar ta nuna kwana goma sha tara ke nan tana kunne. Ta karanta lambobi biyu, ta ɗauki hotonsu da waya, ta mayar da allon yadda yake.

Daga nan ta wuce mahauta, tana fatan Daudu zai yi mata ƙarya.

Ta same shi yana saran ƙashi, yana faɗa da mai saye a kan tsoka. Ya ce da ita 'yar boko mai ƙararrawar da ba ta kuka, in nama ta zo saye bismilla, in roƙon infoma ta zo yi ta koma gida ta dafa wa mijinta. Ta ce mijinta yana Zakka yana cin tuwon makaranta, ita tambaya ɗaya ta kawo: ƙarfe nawa ya bar ofis ranar kasuwa? Ya ce tara da rabi, don sansa yana ƙasa ana jiran wuƙa, kuma daga goma har azahar yana nan yana rigima da malamin duba nama a kan wata hanta da aka ce a binne. Mahauta uku suka sa baki, kowa da nasa sigar rigimar, har da wanda ya ce Daudu ya kusa kuka a kan hantar.

Ƙarfe goma kuwa an amsa sallamar gwaji. Ƙofar ba ta rufu ba sai bayan Daudu ya tafi.

"Shanun ƙanena biyu suna ciki," in ji Daudu, ya sassauta murya. "Kina jin daɗi nake ji?"

Ta ce a'a. Ta ce tana son ya zo ofis bayan azahar, ya bar yaransa a waje.

* * *

Su shida ne a ɗakin: Mai Gari, Daudu, Malam Tayyib, Ramatu, Zakiyya, da Mani da aka kawo a bayan babur, yana zaune a ƙasa ya miƙe kumburarriyar ƙafarsa. A waje samari sun cika inuwar dalbejiya da sanduna da bindigogin gargajiya.

Kafin ta buɗe kwamfuta, Zakiyya ta ce ba za ta faɗi komai ba sai Daudu ya yi alkawari a gaban Mai Gari cewa ko wane ne, hukuma za a miƙa wa, ba daji ba. Daudu ya ce wannan ai wayon ceton Mani ne. Ta ce in Mani ne, ita da kanta za ta raka shi ofishin 'yan sanda. Mai Gari ya dube shi har sai da ya ce ya yi alkawari.

Ta maimaita musu misalin gidan haya, ta nuna koken da suka dawo daga wannan kwamfutar da ke gabansu, daga sha ɗaya har ƙarfe huɗu. Ta ce eriyar da aka zare wa waya ba ta kai wasiƙa, balle ta dawo da amsa. Sai ƙarfe biyar hanya ta mutu, daidai da hadarin da kowa ya gani.

Malam Tayyib ya yi gyaran murya ya kawo maganar sha bakwai cikin arba'in da ɗaya. Daudu ya gyaɗa kai, ya ce shi ma nan ya tsaya.

"Malam ya yi daidai a ragi," in ji Zakiyya. "Amma mai zauren nan ba ya amsa kowace sallama in an yi masa ruwanta. An gina shi haka da gangan, don kada wani mugu ya cika shi da wasiƙun banza ya ƙare ƙarfinsa wajen mayar da koke. Yakan amsa shida a jere, daga nan ɗaya a kowace daƙiƙa. Ramatu ta fi shi sauri, shi ke nan. Bai amsa duka ba, amma ya ƙirga duka."

Ta juya musu allon. Wasiƙun da suka tarar da ƙofa a rufe: arba'in da bakwai. Ta ce arba'in da ɗaya na Ramatu, shida na gwajin awa-awa. Ko ɗaya bai faɗi a kan dutse ba. Duk sun iso ɗakin nan, sun tsaya a bakin ƙofar ƙararrawa, babu kowa a ciki.

Malam Tayyib ya ce wataƙila batir ne ya yi sanyi kwamfutar ta mutu bai lura ba.

"Malam, matacciyar kwamfuta ba ta cewa ƙofa a rufe take. Kuma da ta mutu, da ƙidayar ta koma sifiri." Ta juya ga sauran. "An rufe manhajar tsakanin goma da sha ɗaya, an buɗe ta da yamma, an goge tarihinta. Wanda ya yi ya ɗauka in ɗan haya ya fita, gidan ya zama kango."

Ana jin samarin waje suna gardamar ƙwallo. Malam Tayyib ya cire tabarau ya ninke, ya sa a aljihu, ya sake ciro shi.

"Ranar Talata 'yan bindigar suka kira ni," in ji shi. "Ba su nemi komai ba sai awa shida na shiru. Suka faɗa mini kalar hijabin 'yata Zulaihat, da lungun da take bi zuwa Islamiyya, da sunan mai ƙosan da take tsayawa wajenta. Shekararta tara." Ya dubi Mani, ya kasa, ya dubi ƙasa. "Na ce shanu ne kawai. Ban san za a hau dutse ba. Da aka kama ka, na yi ta cewa gobe zan faɗa."

Daudu ya miƙe tsaye, kujerarsa ta faɗi. Zakiyya ta riga shi isa ƙofa ta tsaya a bakinta. Ba ta da ƙarfin hana shi, ta sani. A cikin kanta ba komai sai Jannat da ɗan bokitinta a hanyar famfo, da tambayar da ba ta son amsawa: da ita aka kira ranar Talata fa? Abin da ta sani shi ne mutumin nan ya zauna kwana biyu yana kallon ana shirin kashe wani a madadinsa, kuma duk da haka ba daji ne zai yi masa shari'a ba.

"Ka yi alkawari, Sarkin Fawa," ta ce, ta ba shi sarautar da ba tasa ba. "Jiya da yamma ka tabbata Mani ne. Yau da safe ni na tabbata kai ne."

Daudu ya tsaya yana huci. Can ya sunkuya ya ɗaga kujerar, ya zauna. Mai Gari ya ce za a fita da Malam ta ƙofar baya a motar hukuma, kuma kafin labari ya bazu a kai Zulaihat da uwarta wajen dangi a Katsina. Wannan shawarar Zakiyya ce, ta raɗa masa tun kafin a zauna, ba tare da ta faɗi suna ba: ko wane ne, a fara ɗauke iyalinsa.

Mani ne ya yi magana a ƙarshe, da aka ce ya tashi ya tafi gida. Ya dafa bango ya miƙe, ya tambaye ta in ya ga walƙiya gobe, ya zare ko ya bari.

"Ka zare, Baba Mani. Amma ka fara gaya wa Ramatu ta rubuta."

Shanun ba su dawo ba. An yi huɗar bana da hannu a Tungar Gamji, wasu gonakin ma ba a yi ba. Zakiyya ta kai Jannat wajen kakarta ta wajen uba a Safana har damina ta wuce, don ta san waɗanda suka san kalar hijabin Zulaihat za su iya sanin na kowa. Kafin su tafi, Lami ta aiko da ƙwaryar ɗinya. Jannat ta ci har haƙoranta suka yi baƙi, ta tambayi ko yanzu an daina cewa Baba Mani infoma ne. Uwar ta ce an daina. Yarinyar ta ce to su waɗanda suka faɗa, sun ba shi haƙuri? Zakiyya ta ce wasu sun bayar, ta ɗaure mata ɗankwali.

A satin ta koma ɗakin shan magani ta sa wa akwatin fitila ta uku. Kore an ji. Ja hanya ta mutu. Ruwan ɗorawa kuwa saƙo ya isa, amma an rufe ƙofa a can, kuma in ta kama, wayoyin mutum uku ne za su yi ƙara, ba na mutum ɗaya ba.

Kai mai karatu, musamman ke uwa irin Zakiyya: ranar da za a ce a garinku an kira ba a amsa ba, aka nuna wani da yatsa, kada ki sa bakinki a ciki, kuma kada ki bar 'ya'yanki su ɗauko sunansa daga bakin famfo. Ki fara tambaya: saƙon bai isa ba ne, ko ya isa aka rufe masa ƙofa? Ki nemi wanda ya iya karanta sawun, tun ba a kashe na'urar an kunna ba, domin ƙidayar tana gogewa. Wanda aka tafi da shi daji kuwa, ko an gano gaskiya washegari, ba ya dawowa ya ji.